Wuƙata Ta Fi Kalanda

Ba na duban kalandar da ke rataye a shagon Iya Mulikatu,
wuƙata ke faɗa mini watan da ake ciki.
Shekara goma sha ɗaya ina feɗe kifi
a kan wannan katakon, a bayan kasuwar Epe,
inda wani ɗan rafi da ba a raɗa wa suna ba
ke sulalowa daga dajin kwakwa ya faɗa babban ruwa.

In ruwan fari ya sauka,
dare guda shinge ya tashi,
ya yi ta zagaya fitila har ya gaji,
wanda ya gaji kuwa rafi ne makwancinsa.
Da safe kawara ta zo mini ciki tim.
Na tsaga: fiffike, fiffike, fiffike,
sai ka ce ɓawon albasa ta kwana haɗiya.

Daga nan rafi ya ƙoshi, ya haura gaɓa,
ya shiga gonar rogon Baba Ganiyu ko sallama babu,
kifi na biye.
Ƙurungu ya yi kiwo inda akuya ta yi shekaranjiya.
A cikinsa nake tsintar tana, 'ya'yan ɓaure, kan gyare,
cinnakar da ta zame daga reshe,
har da ƙwayar masara guda, ban san ta wa ba.
Kitse ya kwanta rawaya a gefen hanji.
Lokacin ne ƙugiya ba ta da farin jini,
Cindo ya dawo gora fayau, wando a jiƙe,
yana cewa ruwa ya cika amma rowa gare shi.
Na ce malam, wa ke kallon tana a ƙarfe
alhali daji duka akushi ne?

A Yawuri damina ɗaya ce, ta zo ta wuce.
Ta nan takan tsaya a Agusta,
kamar mai daka ta jingine taɓarya ta gyara ɗaurin zane,
sannan ta ci gaba.
Ko wannan ɗan hutun yana fitowa a wuƙa.

Rani kuwa ba ya ɓoyuwa.
Rafi ya tsinke gida-gida,
kowane kududdufi da fursunoninsa.
Karfasa ta koma kankarar gansakuka a jikin kututture,
hanjinta kore shar, dogo kamar igiyar guga.
Ƙurungu ya kifa baki a laka yana tace ruɓaɓɓen ganye.
Tarwaɗa ba ta zaɓe.
Tufi ba shi da kunya,
na taɓa zaro ɗan tufi daga cikin tufi,
kai bai narke ba, ido yana kallona.
In na tsaga goma, huɗu wayam,
sai matsarmama a kumbure, tana jiran abincin da bai zo ba.
Dole in bi ta a hankali,
in ta fashe ta ɓata wa mai saye miya.

A watannin nan mu ma garin kwaki muke jiƙawa,
Uwale ta daina tambayar ina mai.

Bara aka sare ɓauren nan, aka kafa bulo.
Tun daga nan nake gamuwa da abin da ba shi da wata:
zaren buhu, ɓallin takalmi,
guntun ledar ruwa a naɗe kamar tsutsa.
Damina yana nan, rani yana nan.
Nakan ajiye su a gwangwanin madara,
ban san wa zan nuna wa ba.

Yau dai hadari ya haɗo ta wajen teku.
Na wanke katako, na wasa wuƙa a bakin siminti.
Iya Mulikatu ta kunna fitila,
ga shinge ɗaya, ga na biyu.
Uwale, ɗauko babban daro,
gobe da nauyi za su zo.