Mai Kai Sammaci

Shekara sha tara ina kai sammaci a Jos,
babur ɗina ya fi ni sanin lungunan Gangare.
In na tsaya gaban teburin mai shayi,
tun ban buɗe jaka ba jikinsa ke ɓari,
ya sa hannu, ya ce Allah ya kyauta,
ran shari'a kuwa ya riga alƙali zuwa.

Takardar yau nauyinta daban.
Ladidi mai masa da Baba Dung suka haɗa kuɗin lauya,
ita daga tanda, shi daga buhun dankali,
suna cigiyar asibitin unguwarsu.
An aza harsashi, an yi tafi,
an biya ɗan kwangila har sau biyu,
yau awaki ke shan hantsi a kai.
Jikar Ladidi a bayan a-kori-kura ta haihu.
Kotu ta ce: a zo a nuna ramin da kuɗin suka shiga.

Na hau bene na uku a sakatariya.
Litinin, Oga ya tafi Abuja.
Laraba, Oga na taro.
Juma'a, sakatare ya dubi hatimin kotu
kamar takardar ƙunshe tsire,
ya ce, "Ka san wa kake nema kuwa?"

Na sani mana.
Shi ne ya shigo layinmu ana tsuga ruwa,
ya naɗe ƙafar wando, ya tsallake kwata,
ya roƙi babban yatsana.
Aro na ba shi, ban sayar ba.
Tawadar ta goge a kwana uku,
bashin yana nan.

Ko a kasuwar Faringada
mai mudu biyu ba ya kwana da mutunci.
Da wanda aka auna wa mai shayi
da shi za a auna wa mai jiniya,
in ba haka ba a kife shi,
a daina wahalar da babur ɗina.

Alƙali ya ce in manna a ƙofa.
Na sayi gam da kuɗin aljihuna,
da sassafe, sanyi na cizon yatsu.
Wani tsohon masinja ya waiga hagu da dama,
ya danne mini kusurwar takardar,
ya ce, "Shafa da kyau, ɗana."

Ranar sha huɗu ga wata ce.
Ladidi ta ce ba za ta hura wuta ba ranar.
Ko zai zo, ban sani ba.
Na dai buɗe littafi na rubuta:
An kai.