Raba Amya

Ni ce mai riƙon biro a gidan Magajiya Tabawa,
can bayan Jakara, lungun majema,
inda warin fata ke rufa wa turare asiri.
Ban taɓa hawan bori ba. Iskoki sun duba ni sun wuce.
Aka ce, tunda kanki fako ne, riƙe mana littafi.

Mu goma sha uku ne, in an ƙirga da ni.
Magajiya a kan buzu, bayanta jingine da bango.
Dama da ita Mati, Sarkin Bori, bakinmu na waje,
shi ke zuwa gaban mai unguwa in maƙwabta sun kai ƙara.
Hagu kuwa Dela, uwar girka,
mai kwana bakwai a ɗaki da sabon shiga,
tana dama masa kunu,
tana koya masa sunayen da ba a kira a kasuwa.
Tanimu da garayarsa a bakin ƙofa:
ba ɗan gida ba ne, amma in babu shi babu taro.
Sauran kowa da tabarmarsa bisa shekarun girkarsa,
ba na haihuwa ba.
Na ga mai furfura ta durƙusa wa 'yar talatin.

Mutanen gari sun ɗauka mulkin nan tsalle ne da faɗuwa.
Su zo su buɗe littafina.
Kande, saura ɗari biyar kuɗin zakara.
Uwale ba ta zo ba, ɗanta na kwance, a kai mata tuwo.
Gambo da Hajo ba sa ga-maciji, kada a haɗa su kwano.
Rabin sarautar ke nan:
sanin wanda bai ci ba,
da wanda ya ƙoshi har ya fara hangen buzu.

Bara da damina muka kai ashirin da ɗaya.
Gwiwa na gugar gwiwa, magana na gugar magana.
Dela ta fara gyara wa Magajiya zance a gaban yara.
Sau ɗaya. Sau biyu.
Na uku, har Tanimu ya sassauta tsirkiya.

Muka zuba ido mu ga wuta.

Daren Alhamis Magajiya ta sa aka kawo kasko biyu.
Ta ɗebi garwashi daga nata ta zuba a sabon,
ta ce: "Zuma in ta yi wa amya yawa,
ba yaƙi take ba, tashi take.
Dela, zaɓi bakwai, ke ce ta takwas.
Akwai ɗaki a Kurna, na biya wata uku.
Shekara guda kada ki tako nan,
kada 'ya'yanki su saba da waiwaye.
Abin da kika ɗaure can, ba zan kwance ba.
Abin da na ɗaure nan, ki ɗauke masa ido."

Dela ta buɗe baki, ba abin da ya fito.
Ta zo da shirin kokawa, aka miƙa mata kaya.

Sai aka juyo kaina: littafin fa?
Magajiya ta ce, "Yaga."
Na kama shi ta tsakiya, wajen ɗinki,
suna ya bi suna, bashi ya bi mai shi.
Na Kande ne kawai ya faɗo kan yagar,
sunanta can, kuɗinta nan,
har yau ba wanda ya tambaye ta.

Yanzu mun koma goma sha uku.
Iska na ratsa ɗakin, ta taga nake nufi.
Hajo ce a hagu, tana ƙoƙari.
Amma wani lokaci Magajiya kan juya ta ce, "De..."
sai ta mai da shi tari.

A shafin ƙarshe, inda ba ta dubawa,
ina jan layi kowace Alhamis.
Saura goma sha ɗaya.