Ƙyaure Kafin Rufi

Ubana magini ne a Kumo.
Wata rana ina miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya ce,
"Ɗakin da ba ƙyaure ba ɗaki ba ne, hanya ce."
Na ɗauka zancen laka yake,
na bar maganar nan tana bushewa.

Yau ga ni a Tudun Hatsi, bayan siton Bappa Gidado,
ƙarfe sha ɗaya, ƙaiƙayin wake a wuyana,
ni da baƙin akwati mai huci kamar tsohon jaki.
'Yan ƙungiya sun yi karo-karo sun saye shi
don farashin buhu ya riga mota isa Dukku,
dillali ya daina yi wa manomi rantsuwa.

Na fara raɗa masa suna.
Babu rago, babu wanzami,
layi ɗaya a baƙin allo,
na kira shi, ya amsa ba gardama, ba tsiwa.

Sai ƙofofi. Ashe dubbai gare shi!
Na ja katanga na toshe su kaf,
na bar ta tamanin don masu sallama,
da ta ɗari huɗu da arba'in da uku
don mai zuwa da magana a dunƙule cikin hannu.
Ta ashirin da biyu tawa ce ni kaɗai:
na hana ta karɓar kalmar sirri,
na yanka mata mabuɗi, rabi a nan, rabi a jakata.
Ko babban maigidan na cire shi daga masu shigowa.

Yila maigadi ya leƙo da shayi.
"Injiniya, har yanzu bai yi magana ba?"
Na ce yanzun nan. Na tashe shi. Ya ƙi.
Na sake. Ya ƙi.
Awa guda ina tsefe fayil kamar mai neman tsakuwa a shinkafa,
ashe waƙafi mai ruwa ne, guda ɗaya tak,
na manta a ƙarshen layi na talatin da bakwai.
Ɗan abin da bai kai ƙwayar riɗi ba
ya tsayar da kasuwa.

Agogonsa ma na wata ƙasa ne,
yana bayanmu da awa ɗaya.
Na dawo da shi Gombe,
na rataya masa takardar shaida a goshi,
ɗan kwaɗo ya fito a gefen adireshi, a rufe gam.
Na raba izini: wannan a karanta, wannan kar a taɓa.
Sai wuta ta ɗauke. Batir ya yi ƙara ya riƙe.
Na zauna a duhu ina jin gara tana aikinta a azara,
ni da ita, ba mai gamawa.

Da wuta ta dawo na buɗe littafin baƙi.
Minti arba'in da haihuwa,
ga masu ƙwanƙwasawa daga garuruwan da ban iya faɗa ba,
ba sallama, ba gajiya,
suna gwada suna bayan suna a ƙofata.
Ban san su ba. Ba su san wake ba.
Na ƙirga ɗari biyu na daina ƙirgawa.

Baba, ka ga ƙyauren?
Ya riƙe.

Kafin assalatu na kwafe komai a wani faifan,
don wanda rumbunsa ya taɓa ci da wuta
ba ya tara hatsi wuri ɗaya.
Sannan layi ɗaya ya faɗo, daban da sauran:
wata ƙaramar waya, ta ƙofar da na bari,
ta tambayi kuɗin farin wake,
ta ɗan jima, kamar mai lissafi da yatsu,
ta fita.
Shayin Yila ya huce tuntuni. Na shanye shi a tsaye,
motar farko tana ribas a waje, yara suna bugun bodi suna cewa ta zo, ta zo.