Tafinta a Ɗakin Gilashi

Ƙarfe biyun dare a Janiba.
Ina ɗakin gilashi, waya a kunne,
bakina na aro ne,
duk wanda ya danna maɓalli ya yi magana da shi.

Can ƙasa wakilai sun jeru,
kowa da takunkumi, kowa da 'yar tutarsa.
Kwana uku ke nan a kan kalma guda:
a rubuta "dole a raba"
ko a rubuta "ana iya rabawa".
Mai furfura, ɗan ƙasar da ke da masana'anta,
ya nemi a ƙara waƙafi.
Na ɗauki waƙafinsa da hannu biyu,
na tsallaka da shi cikin Sifananci,
ko ɗigo ban zubar ba.

Aljihuna na rawa.
Wilder ne, ƙanena, daga Ikitos,
garin da kogi ne titinsa.
Tun safe yake layi da koren tulun iska,
fanko, amma nauyinsa ya kai na mutum.
Ya ce Mama Zoila na kwance
tana haki kamar mai hawan tudu.
Ya ce, ke da ke kusa da manya,
me suka ce?

Sun ce waƙafi, Wilder.

Ba zan yi musu ƙarya ba.
Ga Dakta Solveig can, takalmi a cire,
mako biyu kujera ce gadonta,
tana roƙon jirgi ɗaya a waya uku.
Ga masu lissafi sun ja layi a allo,
layin na hawa, idonsu ya yi ja.
Gobara ce daga kogi,
kowa ya zo da guga,
sai dai kowa gemunsa yake fara jiƙawa.

Wani siririn mutum daga tsibiri ya miƙe,
ya ce, mu ba mu da yawa,
akwati biyu ya ishe mu.
Aka gode masa.
Aka ce lokacinsa ya cika.

Sai mai furfura ya sake cewa "ana iya".
Kalmar ta zo bakina ta tsaya.
Da na ce "dole", wa zai kama ni?
Rabin zauren nan da kunnena yake ji.
Daƙiƙa bakwai na yi shiru,
shiru mai tsawon kogin garinmu,
har Ondine ta taɓa gwiwar hannuna.
Na ce "ana iya".
Aikina ke nan. Amana ce, ko da ta yi ɗaci.

Da asuba suka daidaita.
Ba dole ba, ba ana iya ba:
"za a yi bakin ƙoƙari".
Aka yi tafi, safar hannu ta shanye ƙarar.
Kaya za su tashi, in ji takarda,
nan da mako shida,
cikin ƙanƙara, da hatimi, da suna.
Wasu za su rayu da su, na sani.
Ba na raina wannan.

Na fito bakin tafki.
Jirgin titi na farko ya wuce, ba kowa ciki.
Na zame takunkumi na ja iska,
sanyi, tsabta, kyauta,
har kunya ta kama ni.

Saƙo ya shigo:
Na samu rabin tulu.
Na maƙwabcinmu ne, Don Eleuterio.
Matarsa ce ta turo shi a baro.
Ta ce shi ya daina buƙata.