Rawanin Hakimi

A wani gari gabas da Ringim,
ran da rediyo ya ce soja sun karɓi ƙasa,
Hakimi Tanimu na shan fura a zaure.
Bai ajiye ludayin ba.

'Yan doka suka fara tafiya,
sai alƙali, sai kundin haraji
da gara ta ƙarasa.
Yaron da ke tuɓe takalmi tun daga bakin rijiya
yanzu kan keke yake wucewa, yana fito.

Yalwa, jikar masu gari,
da ba ta taɓa sanin kuɗin gishiri ba,
ta zare warwaronta ɗaya bayan ɗaya,
ta sayi kalwa, ta koyi daddawa
wurin matar da ke mata shara a da.

Shi kuwa fartanya ta fasa masa tafi.
Da dare ta shafa masa man kaɗe,
ba mai cewa uffan.

Rawanin ya tsufa, ta yanki gefe
tana tace gasara.
Ya kurɓi kokon, ya yi dariya:
"Yau dai sarauta ta yi rana."

Har ya rasu, in ta shiga turakarsa
sai ta durƙusa: "Ranka ya daɗe."
Ita kaɗai ta rage masa a talakawa.