Rengna

A bakin Mahanadi kaka Bisahin ta ce,
"Reng, Samaru, rana ta yi gora."
Yaro ya tuntsire da dariya:
a makarantarsu ta Delhi
kalmar ta jarirai ce da tsutsa,
rarrafe, jan ciki.

Tsohuwa ta gyara damin dashe a ka.
"Mu da ita muke cin kasuwa.
Da ita aka raka kakanka
ranar da bai dawo ba."

Masana sun ce daga Sanskrit ta fito,
can ma rarrafe take.
To wa ya miƙar da ita tsaye?

Ina zargin laka.
Wanda ya ratsa fadamar shinkafa da damina
ya san tafiya ƙanwar rarrafe ce.

Samaru ya tuɓe takalmi
ya bi sawunta.