Mako Biyu-Biyu

Wata tara muka kulle kanmu a wani bene a Jekadafari,
mu biyar, da fanka mai ciwon wuya,
muna bin kundi mai shafi tamanin
kamar masu bin sawu bayan ruwa ya share hanya.
Manhaja muke ginawa don 'yan Tudun Hatsi:
buhu nawa ya shigo, wa ya ci bashi, wa ya biya.

Ranar da muka kai, har sabuwar hula na sa.
Malam Hammadu ya goge hannu a riga,
ya latsa, ya latsa, ya ɗago ido:
"Yaro, mene ne kuma kilo?
Mu nan da tiya muke awo,
kuma tiyar Kumo ba ta Dukku ba ce."
Ya miƙo min wayar kamar mai mayar da kuɗin jabu.
Wata tara!
Da mace ce, da tuni an sha suna.

Rifkatu ce ta sauke kundin daga tebur,
ta tokare ƙafar fanka da shi.
Ta ja layi biyu a bango, gida uku ya fito:
na jira, na hannu, wanda ya nuna.
Ta yayyanka aikin ƙanana
yadda mai tsire ke yi wa nama,
kowace tsoka a 'yar takarda rawaya mai danƙo.
"Ba mai ɗaukar ta biyu
sai ya haɗiye ta farko."

Yanzu ƙarfe tara a tsaye muke, ba kujera,
don mai zama yakan ja zance har azahar.
Jiya me ka yi? Yau fa?
Wace ƙaya ce ta soke ka?
Bappah, da a da yake kwana uku
yana kokawa da kuskure ɗaya shi kaɗai saboda kunya,
ya buɗe baki ya ce, "Na maƙale."
Kafin shayi ya huce
Dijatu ta gano waƙafin da ya ɓace.

Duk Alhamis ta biyu mu tari napep,
mu kai abin da ya nuna, ko loma ɗaya ce.
Mai miya ba ta jiran baƙi su wanke hannu
kafin ta ɗanɗana gishiri.
Hammadu ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta, ido ya tsufa.
Muka buɗa shi.
Ya ce sabis na ɗaukewa a cikin rumfa.
Muka koya mata aiki ba sabis.
Ya ce a sa hoton buhu, ba duk yaransa ke karatu ba.
Sai wata Alhamis ya ce a cire
abin da ya roƙa da bakinsa wata guda baya.
Zuciya ta taso min har maƙogwaro,
dare biyu na hana idona barci a kansa.
Rifkatu ta taka min ƙafa a ƙarƙashin benci.
A hanya ta ce, "Dare biyu ne, ba wata tara ba."

Ba zan ce komai ya daidaita ba.
Oga har gobe so yake a yanka masa ranar gamawa,
da wata, da sa'a, kamar ɗaurin aure.
Idan zafin Maris ya yi zafi danƙo kan saki,
takardu su zube, mu rasa gidan kowace.
Ran Juma'a mu faɗa wa juna gaskiya,
abin da ya yi, abin da ya ƙi,
wani ya fita da fushi
ya dawo da ƙullin gyaɗa.

Jiya na bi ta Tudun Hatsi sayen geron gida.
Na tarar da yaron Hammadu,
hannun dama cikin buhu, waya a hagu,
yana latsa tiya goma sha biyu, bashin Inna Dudu.
Bai san ni ba.
Ya ce in matsa, na tare masa haske.

Na matsa.